Mai Yasa da Idon Gabas

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a cikin ƙasa gwargwadon buƙatar bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga wanda aka aiko rahama ga talikai. Bayan haka, nufina in rubuta abin da na sani na rayuwar wani maƙwabcinmu da ya riga mu gidan gaskiya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai kuma taɓa riƙe muƙami ba. Sana'arsa haƙa rijiya da yashe ta idan laka ta taru, don haka duk unguwa, babba da yaro, ba mai kiransa sai da Mai Yasa. Abin da na gani da idona zan faɗa yadda na gan shi. Abin da ya faru a cikin gidansa da ƙasan rijiya kuwa, daga bakinsa na ji.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabo a tsakiyar kansa inda guga ya taɓa suɓucewa ya same shi yana saurayi. A hannun kawunsa ya koyi aikin. Karatunsa bai wuce gajerun surori ba, amma yana da ƙa'idoji uku da ban taɓa ganin ya saɓa ba: ba ya shiga rijiya sai da alwala, ba ya shiga sai ya fara zura fitila, idan wutarta ta mutu ya san babu iska a ƙasa, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai jininsa. A da ƙanensa ne ke riƙewa. Da ɗansa ya kawo ƙarfi, sai igiyar ta koma hannunsa.

Rijiyar da ke harabar masallacinmu shi ya haƙa ta shekara arba'in da suka wuce, zurfinta gaba goma sha huɗu. Daga ita ake alwala, daga ita kuma gidaje fiye da ɗari suke sha, domin famfon unguwarmu ya daɗe da zama abin ɗaure akuya. Mai Yasa yakan ce rijiyar tana da ido uku, wato kafofin da ruwa ke tsattsafowa daga cikin ƙasa: ɗaya ta arewa, ɗaya ta yamma, ɗaya ta gabas, na gabas kuma shi ya fi ƙarfi. Allah Ya ba shi harshe mai sanin ruwa. Yakan kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, ya furzar, sannan ya ce wannan akwai gishiri, ko wannan ƙadangare ya mutu a ciki kwana biyu da suka wuce. A zura guga kuwa a tarar da ƙadangaren. Saboda haka maganarsa ta zama hukunci a wurinmu. Idan ya ce a sha, an sha. Idan ya ce a bari, ko mai ƙishirwa yakan haƙura.

Shekara shida kafin abin da zan faɗa, aka kewaye filin da ke gabas da masallaci da kwano, tireloli suka fara shigowa ɗauke da kwantenoni. A cikinsu tsofaffin baturan motoci da na injuna ne, dubbai, waɗanda jiragen ruwa suka kawo daga ƙasashe masu nisa. A jikin wasu akwai rubutun da duk unguwarmu babu wanda ya san ta inda ake fara karanta shi. Aikin wurin shi ne a sara batir da adda, a tsiyaye ruwansa mai cin fata a wani rami bayan kwano, a zare faifan dalmar da ke ciki, a narka a manyan tukwane, a zuba a mazubi. Idan dalmar ta daskare sai a loda ta a kwantenar da ta kawo baturan, ta koma tashar jiragen ruwa. Na taɓa tambayar manajan wurin, mutum mai fara'a da gaisuwa, me ya sa masu kayan ba sa fasa abinsu a can. Ya yi dariya ya ce, "Malam, can dokarsu ta yi tsanani. Nan an fi sauƙin kai." Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe abin da yake da amfani a cikin kayan yana zuwa ya koma inda ya fito, abin da ake bar mana shi ne hayaƙi da ruwan ramin.

Amma adalci ne in faɗi cewa mutum tamanin suka sami aiki a wurin. Gidaje sun sami rufi, an biya wa yara makaranta, matasan da suke zaman kan benci sun tashi. Aikin rijiya kuwa yana ta ja baya, domin masu hali sun koma wa burtsatse. Ɗan Mai Yasa, wanda muke kira Baban Aku, shi ma ya shiga masu sara batir, ba ya riƙe igiya sai ranar da uban zai yi yasa. Aku ita ce 'yarsa, shekararta huɗu. Surutunta ya ba ta sunan. Takan tare kakanta a ƙofar gida ta ce, "Tsoho, yau ma laka ka shafa? Ba za ka shigo mana ɗaki haka ba." Shi kuma ya ce, "Ɗakin naki ne ko nawa, sarkin baki?" Ta ce, "Nawa ne, aro na ba ka."

A ƙarshen rani na shekara ta shida, Mai Yasa ya shiga rijiyar masallaci don yasar da ya saba. A kewayen kowane ido akwai gansakuka kore da ke manne da bango. A idon arewa da na yamma tana nan yadda ya san ta. A idon gabas kuwa ta mutu, ta yi fari, tsawon kamu guda. Ya tara tafin hannunsa a bakin idon, kafin ruwan ya gauraya da sauran, ya kurɓa. Ya ji tsami kaɗan da wani ɗanɗanon ƙarfe da bai taɓa ji a wannan rijiya ba. Ya san kuma ta ƙarƙashin wane fili idon nan ya biyo. Ya fito bai ce wa kowa komai ba.

A kwanakin ne kaji da awaki suka fara mutuwa a gidajen gabas, mata suka fara ƙananan maganganu. Bayan wata sallar la'asar wani ya tambayi Liman ko alwala da ruwan rijiyar nan ta inganta. Liman mutum ne mai tsantseni. Ya sa aka jawo guga. Ya duba, ruwa garau. Ya sansana, babu wari. Ya miƙa wa Mai Yasa ya ce, "Kai ne mai harshe, ɗanɗana mana." Mai Yasa ya kurɓa. Ruwan guga, wanda ido uku suka haɗu a cikinsa, bai nuna komai ba. Ya ce, "A wannan ban ji komai ba, Malam." Sai Liman ya faɗi abin da yake tabbatacce a wurin malaman fiƙihu: ruwa mai yawa, matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canja ba, mai tsarki ne mai tsarkakewa. Ina cikin waɗanda suka gyaɗa kai, domin hukuncin daidai yake a babinsa. Kuskurenmu shi ne an yi tambaya a kan alwala, mu kuma muka tashi da amsar muka kai ta randunanmu. Babu wanda ya tsaya ya ce akwai cutar da ba ta da launi, ba ta da wari. Mai Yasa da kansa ya sami natsuwa da hukuncin. Ya gaya mini daga baya cewa ya ce wa ransa, tun da ruwa mai yawa yana cinye kaɗan, to ido biyu za su cinye ɗaya. Ya kuma tuna hannun ɗansa da ke ciyar da gida. Gidansa suka ci gaba da sha kamar kowa.

Wata biyar bayan haka Aku ta fara ciwon ciki da amai. Sannan surutun ya ragu. Sannan wata safiya ta faɗi tana jijjiga a tsakar gida. A makon, yara biyu a layinsu suka yi irin wannan, ɗaya ya rasu kafin a kai shi asibiti. Malamar asibitin da ta karɓi Aku ta sa aka gwada jininta, ta ce gubar dalma ce. Aka ba yarinyar magani aka sallamo ta, idonta biyu amma ba ta magana, ba ta ko amsa sunanta. Malamar ta biyo su har unguwa. Ta ce ƙurar da ma'aikata ke kawowa gida a tufafinsu tana cikin dalili, amma yaran da iyayensu ba sa aiki a filin ma sun kamu, don haka tana zargin rijiyar, tana roƙon a rufe ta. Manaja ya fito da takarda mai hatimi wadda ta ce an gwada ruwan an same shi lafiya. Ba mu san ranar da aka ɗebi ruwan ba, ba mu san wanda ya ɗeba ba. Kowa kuma ya gane cewa idan aka tabbatar ramin filin ya kai ga rijiya, hukuma za ta rufe filin. Unguwa ta rabu biyu, har a cikin sahu. A ƙarshe dattawa suka yanke cewa Mai Yasa ya shiga ranar Asabar da hantsi, abin da ya faɗa shi ke nan.

Da safiyar ranar yana zaune a tsakar gida yana duba igiya kamu bayan kamu, Aku tana kwance a tabarma kusa da shi, sai ɗansa ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka ce ƙafarka ba za ta iya ba. Kowa ya san gwiwarka."

"Gwiwata ta kai ni masallaci ɗazu."

"Masallaci ba gaba goma sha huɗu ba ne. Baba, mutum tamanin ne. In aka rufe wurin nan, a bakinka za a ce an rufe. Ina zan sa kaina a cikin abokan aikina?"

"Ka san abin da zan faɗa ne?"

Baban Aku ya ce, "Tun yasar rani na ga fuskarka da ka fito. Ni na jawo ka ai."

"To me ya hana ka tambaye ni?"

"Abin da ya hana ka faɗa."

Matar ɗan, wadda ke wanke-wanke a gefe ba ta taɓa sa baki a maganar surukinta ba, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baba, randar can ta kusa ƙarewa. In cika ta daga ina?"

Mai Yasa ya naɗe igiya ya miƙa wa ɗansa.

Da hantsi harabar masallaci ta cika. Ma'aikatan filin suka tsaya ta gabas da kayan aikinsu, hannayensu duk tsagewar ruwan batir. Iyayen yaran da suka kamu suka tsaya ta yamma. Manaja yana gefe a inuwa da takardarsa a hannu. Malamar asibiti ta ba Mai Yasa ƙananan kwalabe uku masu marfi, shi ya nemi uku, ta kuma ɗaura wa kowace zare mai launi dabam yadda ya ce. Wani daga cikin ma'aikatan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a tuna da mu a can ƙasa. Mu ma yara gare mu." Wani ya ƙara da cewa, "Harshen tsoho ma ai yana tsufa." Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Mai Yasa bai waiwaya ba. Ya yi alwala da ruwan da ya zo da shi a buta daga wani wuri, mutane da yawa sun lura da haka. Ya zura fitila, ta kai ƙasa tana ci. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce wa ɗansa abin da ya saba faɗa masa tun yana matashi: "Ja ɗaya, saki. Biyu, tsaya. Uku, jawo ni." Ya yi bisimilla ya juya baya ya shiga.

Shekararsa saba'in a lokacin. Ramukan da ya sassaƙa a bango don sa ƙafa da kansa ya yi su, ya san su kamar haƙoransa. Amma wajen gaba tara, ramin ƙafa na ɓangaren gabas ya rugurguje a ƙarƙashinsa. Mu a sama sai muka ji zubar ƙasa a ruwa, muka ga igiya ta fizgi Baban Aku har gwiwarsa ta bugi bakin rijiya. Ya kafa ƙafa ya riƙe. Mutum biyu suka matso su taimaka, ya ce, "Kada wanda ya taɓa." Can muka ga igiya ta motsa sau ɗaya. Ya ci gaba da saki a hankali.

Mai Yasa ya ce da ya isa ƙasa, farin da a rani yake kamu guda ya kai tsayin mutum, dutsen wurin ya yi laushi har yatsa yana shiga. Ya cika kwalba daga kowane ido. Ya kurɓi na gabas, haƙoransa suka mutu nan take kamar ya tauna ɗanyen lemo. Ya ce ya tsaya cikin ruwa zuwa ƙirji, ya ɗaga kai ya ga sama kamar bakin kwano, da inuwar kan ɗansa a gefenta. A nan zuciyarsa ta raya masa cewa idan ya zubar da kwalbar gabas ya sake cika ta daga idon arewa, babu mahalukin da zai sani. Ya ce ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya tuna ya taɓa yin shiru sau ɗaya, ga kuma abin da ya biyo baya yana kwance a tabarmarsa. Ya rufe marfin, ya ja igiya sau uku.

Duk mun ga ja ukun. Baban Aku bai motsa ba. Yana tsaye, igiya a hannu, yana kallon abokan aikinsa, su ma suna kallonsa. Ban san tsawon lokacin ba. A agogo wataƙila bai kai minti ba. Igiya ta sake motsawa sau uku. Liman ya buɗe baki zai yi magana, sai Baban Aku ya naɗa igiyar a tsagaggun hannayensa ya fara ja. Kafin kan uban ya bayyana, igiyar ta yi ja da jinin tafinsa.

Mai Yasa ya zauna a bakin rijiya yana haki, goshinsa ya ƙuje. Ya miƙa wa malamar kwalaben. Manaja ya matso da murmushi ya ce, "Sannu Baba. Sai mu jira sakamakon gwaji ko? Kada a yi gaggawa."

Mai Yasa ya ce, "Ku jira naku. Nawa na zo da shi." Ya juya wajen Liman. "Malam, idon gabas ya lalace, ruwan ramin can ne a cikinsa. Kada a sake ba yaro ruwan nan ko na kurɓi ɗaya. Akwai kuma wata magana. Ranar da ka ba ni guga na ɗanɗana, na riga na sani. Tun kafin ranar na ji shi a ƙasa. Ba ka tambaye ni ƙasa ba, ni kuma na ji daɗin da ba ka tambaya ba."

Uban yaron da ya rasu yana tsaye bai fi taku biyar daga gare shi ba. Ya tako, mutane suka fara shiga tsakani, Mai Yasa ya ce a bar shi. Mutumin ya tsaya a kansa ya ce, "Wata biyar, Baba." Mai Yasa ya ce, "Wata biyar da kwana tara." Mutumin ya juya ya fita daga harabar, bai sake yi masa magana ba har shekara ta zagayo. Liman ya miƙe ya ce hukuncin da ya bayar na alwala ne, amma ya ga yadda aka ɗauke shi bai gyara ba, don haka yana da nasa kason, yana neman gafarar Allah da ta jama'a. Ya ce abin da ke cutar da rai haramun ne a sha ko da ya fi ƙanƙara haske. Kafin azahar aka kawo katako da siminti. Mai Yasa ya ce shi ya buɗe ta, shi zai rufe, da hannunsa ya shafe marfin.

Bayan kwana goma sakamakon kwalaben ya zo, bai saɓa wa harshensa ba. Hukuma ta rufe filin. Mutum tamanin suka koma gida, wasunsu sun daina gaishe shi, aka kuma wayi gari an watsa masa ruwan batir a ƙofar gida. Baban Aku ya koma dako a kasuwa. Unguwa ta shiga wahalar ruwa wata bakwai, mata suna tafiya mai nisa da jarkoki, kafin a haƙa burtsatse ta yamma. Tirelolin kuwa ba su daina zuwa daga tashar jiragen ruwa ba. Hanya kawai suka canja. Muka ji an kewaye wani fili da kwano a wata unguwa bayan gada.

Daga nan Mai Yasa ya ɗauki wata ɗabi'a da bai bari ba sai da ƙafa ta gaza. Duk Asabar yakan tafi unguwar bayan gada, ɗansa yana biye da shi da igiya a kafaɗa, su bi gida gida yana sallama yana cewa, "Ni mai yasa ne, ba na karɓar komai. Ku bar ni in ga ƙasan rijiyarku, ba gugarku ba." Wasu su bar shi, wasu su kore shi. Rijiya huɗu aka rufe a can a kan maganarsa.

Aku ta rayu, amma surutun bai dawo ba. Tana da shekara tara yanzu, takan haɗa kalma biyu ko uku da ƙyar, ba ta kuma iya zama a aji. A jinyarsa ta ƙarshe na je duba shi da rana, na tarar tana zaune a gefen shimfiɗarsa. Ya nemi ruwa, ta kawo masa a kofi tana tafe a hankali kada ya zube. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Ta zuba masa ido tana jira. Ya haɗiye ya ce, "Wannan lafiya lau, sarkin baki. Sha." Sai da ya faɗa sannan ta kai kofin bakinta.

Ya rasu bayan kwana uku. Allah Ya gafarta masa shirunsa na wata biyar, Ya karɓi shaidarsa, Ya shayar da shi daga tafkin da mai shansa ba ya sake jin ƙishirwa.